GWANGWANIN DA KE MOTAR JAMALU

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun asuba cewa na bar Hafsat a tsugune, ku yi haƙuri. Wayata ce ta yi wanka a robar wanke-wanke, sai da ta kwana cikin ɗanyar shinkafa sannan ta farfaɗo. Ku matso kusa.

*

Da Hafsat ta san inda abin nan zai kai, wallahi da ta bar ɗan kyanwar nan ya yi ta kukansa a cikin mota har ya gaji ya fito da kansa.

Kukansa ne ya sa ta yaye tamfol ɗin motar mijinta Jamaluddeen da hantsi, bayan ya fita a ƙafa. Ta ɗauko ɗayan makullin, ta buɗe bonet, ɗan kyanwa ya yi tsalle ya gudu. Ita kuwa idonta ya sauka a kan wani baƙin gwangwani da aka ɗaure a lungun inji, tiyo biyu sun shiga ta kansa. Ta murɗa gindin, ya kwance. Ciki wani ruwa ne mai kauri, baƙi da ratsin rawaya, ga wari, ga wani curi a cukurkuɗe kamar gashin da aka cire daga mataji.

Dama ta daɗe tana cewa Jamalu ya canza. Mota kullum a lulluɓe, ba mai taɓa ta, har Ummi 'yarsu sai da ta sha tsawa don ta jingina. To mace ta ga gashi a cikin gwangwani, me kuke so ta yi? Nan take ta kira uwar mijinta.

Yanzu ga shi la'asar ta yi, tsakar gidansu na Mando ya koma kotu.

Hajiya Bara'atu, mahaifiyar Jamalu, tana zaune a kujerar roba da carbi a hannu. Ƙanenta, Kawu Yusha'u, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati amma bai ajiye halin bincike ba, yana tsaye ya goya hannuwa a baya. Gwangwanin an ɗora shi a kan murfin bokiti a tsakiya, kowa zai wuce sai ya kewaye shi.

Da Jamalu ya dawo ya tarar da su, tambaya ɗaya Kawu ya yi masa: wa ya taɓa injin nan a ƙarshe? Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce Inuwa. Kawu ya sa aka kira shi a waya.

Inuwa kuwa yayan Hafsat ne, uwa ɗaya uba ɗaya, makanike mai gareji a Rigasa. Kun ga Hafsat ta zama tsuntsun da ya ja ruwa ke nan.

Ƙarar mashin ta tsaya a bakin get. Inuwa ya shigo da sallama, rigar aikinsa duk baƙin mai, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Hajiya, barka da yamma. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya," ta ce, ba ta ƙara ba.

Kawu ya nuna murfin bokitin da baki. "Malam Inuwa, ka san wannan?"

Inuwa ya dubi gwangwanin. Ya dubi bonet a buɗe. Ya dubi Jamalu, wanda ya kafa wa ƙasa ido kamar ya jefar da allura.

"Wa ya kwance shi?" in ji Inuwa.

"Kai aka tambaya."

"Na san shi, Baba. Ni na ɗaura shi."

Hafsat ta dubi yayanta. Ita fa har zuwa lokacin tana sa ran zai ce bai taɓa ganinsa ba, a tattara a koma neman wani maƙiyi can na ofis.

"Madalla, ka rage mana aiki," in ji Kawu. "Mene ne a ciki?"

"Baƙin mai ne da ruwa da ɗan fetur."

"Wa ya zuba?"

"Ba wanda ya zuba. Injin ne ya tara."

"Injin ne ya tara," Kawu ya maimaita a hankali, yana duban Hajiya. "Ci gaba, muna jin ka."

Inuwa ya gyara durƙuso. "Baba, inji in yana aiki yana fitar da wani tururi daga cikinsa, mai haɗe da mai. Akwai tiyon da ke mayar da tururin nan inda inji ke shaƙar iska, ya ƙone. To man da ke ciki yana manne wa hanya, ya yi dauɗa. Shi ne ake yanka tiyon, a sa gwangwanin nan a tsakani. Tururi ya shiga ta nan, man ya zauna a ƙasa, iska ta fita ta can. Lokaci-lokaci a kwance a zubar. Shi ke nan aikinsa."

Hajiya ta ɗago. "Gashin fa? Shi ma injin ne ya tara?"

"Ba gashi ba ne, Hajiya."

Kafin a hana shi ya miƙa yatsu biyu ya tsamo curin. Hajiya ta ja ƙafa tana a'uziyya. Ya je bakin famfo ya cuɗa shi da sabulu, ya ɗauraye, ya kawo a tafin hannu. Abin ya fito fari yana ƙyalli.

"Soson ƙarfe ne. Shi ke kama man."

Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Hafsat, har ta manta a gaban wa take.

"Lah, sosona ne," ta ce. "Wallahi nawa ne, sabo dal na ajiye a kicin na neme shi na rasa, har na ce Ummi ce ta yar."

Inuwa ya runtse ido.

Ni dai da ina wurin da na taka mata ƙafa.

Hajiya ta juyo gaba ɗaya ta dube ta. "Daga kicin ɗinki ya fito?"

"Eh... a'a, Hajiya, nufina..."

"Abu daga kicin ɗinki, yayanki ya ɗaura, a motar mijinki."

"Umma, ni na ɗauka na kai masa," in ji Jamalu.

"Ai na san kai za ka kai. Wanda aka yi dominsa ai shi ake ba wa ya kai da hannunsa."

Hafsat ta dubi Jamalu. Ta rasa ta inda maganar ta juyo. Ita ce ta gano abin, ita ce ta kira, amma ga shi duk kalmar da ta fito daga bakinta sai ta dawo ta ɗaure ta.

Kawu ya yi gyaran murya, ya zagaya ya leƙa cikin bonet.

"Malam Inuwa, ni ba makanike ba ne. Amma tun kana goye nake tuƙa Fijo, na yi Sakkwato da ita, na yi Maiduguri. Ban taɓa ganin mota da gwangwani ba. Motar maƙwabcina ba ta da shi. Motocin tashar Kawo ba su da shi. Me ya sa wannan ce kaɗai ke buƙatarsa?"

Inuwa ya sosa ƙeya. "Injin ne daban, Baba."

"Daban yaya?"

"Yana da... yawan numfashi."

"Me ya ba shi yawan numfashi?"

"Tsufa ne, Kawu," in ji Jamalu.

"Sabo ne," in ji Inuwa, a daidai wannan lokacin.

Suka dubi juna.

"Wato tsoho ne amma sabon ɗauri," Jamalu ya gyara.

"Na Kwatano ne," Inuwa ya ƙara.

"Uhm," in ji Kawu. Ya sake leƙawa. "Ni dai na ga ya cika wurin, kamar an cusa rago a kejin kaji. Wannan ƙarfen na sama mai bel a goshi, mene ne shi?"

"Murfi ne," in ji Jamalu da sauri.

Inuwa ya kawar da kai. Hafsat ta san yayanta. In ana maganar inji sai an roƙe shi ya yi shiru, ko a wurin ɗaurin aure ne. Yau ga shi an tambaye shi sunan ƙarfe, ya zama kurma.

Hajiya ta ajiye carbin a cinya.

"Yusha'u, bar su haka. Ni ban san inji ba, amma na san ɗana."

Ta juya ga Jamalu, muryarta ba ta tashi ba.

"Tun bayan ƙaramar salla motar nan ba ta sake taka ƙofar gidana ba. A Keke mai ƙafa uku kake zuwa gaishe ni, kamar wanda ba shi da ko taya. Ranar da ƙafata ta kumbura na ce ka kai ni asibiti, tasi ka ɗauko min, motarka tana nan lafiya lau. In na zo gidan nan, a lulluɓe nake samunta. Na yi shiru, na ce ko wani abu na yi maka. Yau an buɗe an ga abin da aka gani. Ruwa ba ya tsami banza, Jamalu."

"Umma, wallahi ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Jamalu ya dubi ƙasa.

"Na rasa ɗaya a mota," in ji Hajiya. "Ba zan zauna ina kallo a raba ni da ɗayan ta mota ba."

Duk gidan aka sunkuyar da kai, don an san wa take nufi.

Sharhabil ne, ɗanta na fari, yayan Jamalu. Hafsat ba ta riske shi ba, bayan rasuwarsa aka yi aurenta, labari kawai take ji. An ce yana da wata mota da tun daga kwanar layi ake jin fiton injinta a san ya dawo, kuma a cikinta ya rasu, wurin wasan mota a bikin abokinsa. Hajiya irin matan nan ne masu kunyar ɗan fari, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Yana raye "yaron nan" take cewa, da ya rasu ya koma "mai rasuwa". Ko hawayenta ba wanda ya gani. Magana ɗaya ta yi ranar sadakar uku, ta ce a kai ragowar motar wurin 'yan gwangwan, kuma duk ɗan da ya dawo mata da ko ƙusa ɗaya daga jikinta, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Jamalu ne ya ja ta ya kai.

Hajiya ta dubi Hafsat. A fuskarta ba ƙiyayya, gajiya ce kawai, kuma wannan ya fi yi wa Hafsat ciwo.

"Ban ce ke kika yi ba. Wataƙila yi miki aka yi ba ki sani ba, uwa ba abin da ba ta yi don 'yarta ta zauna. Amma ki ɗauki mayafinki ki bi yayanki. In an kai abin nan wurin malamai sun duba, a san abin da ake ciki."

Uwa. Wato har Innarsu ta shigo ciki, tsohuwar da ko rubutun sha ba ta yarda a kawo mata gida ba.

"Hajiya, ki ba ni minti ɗaya," in ji Hafsat.

Ta wuce bayan tankin ruwa, ta yafito mijinta. Ya zo yana jan ƙafa.

"Abban Ummi, mene ne a motar nan?"

"Abin da Yaya Inuwa ya faɗa, gaskiya ne."

"To ka ƙarasa musu gaskiyar mana. Me ya sa taka ce kaɗai ke da gwangwani?"

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya me ba?"

"Hafsat, ki bi shi kawai. Kwana biyu, in ta huce zan zo in ɗauko ki."

Ta dube shi sama da ƙasa. "In tafi Rigasa da sunan mun yi maka asiri? Gobe duk dangi sun ji. Innarmu ta fita unguwa ana nuna ta. Ka ji abin da kake faɗa kuwa?"

"Wa ya ce ki buɗe bonet ɗin?"

"Kyanwa ce."

"Kyanwa," ya ce, ya dafe kai.

"Mace ce ta ba ka shi?"

"Wace mace kuma?"

"To caca kake yi da motar? Ta sata ce?"

"Don Allah ki bari."

Ta bar shi nan ta nufi famfo, inda Inuwa ke ta wanke hannun da ya riga ya fita.

"Yaya."

"Ke dai ba kya jin magana tun kina yarinya."

"Yaya, tsakaninka da Allah, akwai wani abu a gwangwanin nan?"

Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Har da ke?"

"To me ya hana ka magana? Kai da ko bacci kake aka ce bawul ɗin inji sai ka amsa."

"Amana ce."

"Amanar wa?"

"Ɗauko mayafinki mu tafi. Gara a zage mu."

"Gara a zage mu da me?"

Ya juya ya ci gaba da wanke hannu.

Kai, jama'a. Miji ya ce tafi, ɗan'uwa ya ce taho, uwar miji ta ce bi shi. Mutum uku da ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba, yau sun haɗu a kan ta bar ɗakinta, kuma ba wanda zai gaya mata dalili. Kanta ya yi zafi, tsoro da haushi suka cakuɗe mata. Abu ɗaya kawai ta riƙe: in ta fita get ɗin nan a haka, ko ta dawo, sunan ya riga ya bi ta.

Ta dawo tsakar gida ta durƙusa a gaban Kawu.

"Kawu, ina da magana."

"Faɗi."

"Ya ce injin ne ke tara abin nan. To a wanke gwangwanin tas a gabanku, ya mayar, a tayar da motar. In ya taru, kun ga na inji ne. In bai taru ba, da ƙafata zan fita."

"Ba ya taruwa nan take," in ji Inuwa da sauri. "Sai an yi tafiya mai nisa."

"Amma ka ce tururi ne ke bi ta tiyo," in ji Kawu.

"Eh."

"To a bar bakin tiyo ɗaya a buɗe." Ya zaro farin hankici daga aljihu, a goge, a ninke. "Zan kara wannan. In tururin mai ne, zai nuna. Yarinyar nan ta fi ku hankali."

Hajiya ta ɗaga kai alamar ta yarda.

Inuwa ya dubi Jamalu. Jamalu ya dubi sama.

Hafsat da kanta ta zubar da ruwan a kwata, ta wanke gwangwanin da garin sabulu har sau biyu, ta kai wa Hajiya ta leƙa, ta shinshina. Sannan ta miƙa wa yayanta.

Ban taɓa ganin makanike mai sanyin jiki irin Inuwa a ranar nan ba. Aikin da yake yi yana hira yana cin gyaɗa, yau ya zama kamar ɗinkin hula. Ya mayar da soson ƙarfen ciki. Ya shafa wa robar bakin ɗan mai, ya murɗa gindin a hankali, ya kwance, ya ce ya hau a karkace, ya sake murɗawa. Ya ɗauko sukundireba a mashin ɗinsa ya ce ba ita ba ce, ya koma ya ɗauko wata. Ya taɓa ƙarfen da ke riƙe da gwangwanin ya ce ya yi kusa da zafi. Ya bi tiyon da ke fitowa daga inji da yatsa, ya matse masa kilif, ya ce wannan shi ne na shiga, in aka juya su aikin banza ne. Sannan ya zare na fitar, ya bar bakin a buɗe.

"An gama?" in ji Kawu.

"An gama. Sai dai batirin ya yi sanyi."

"Kuma ba mai a ciki," in ji Jamalu.

"Jiya da daddare ka ce min ka cika tanki," in ji Hafsat.

"Makullin ma yana ofis."

Hafsat ta kwance bakin zaninta. Ɗayan makullin yana nan tun hantsi.

"Hafsat." Jamalu ya tako. "Ba ni."

"A'a."

"Ina mijinki ina ce miki ki ba ni."

"Ɗazu ka ce in tafi gidanmu."

"Ƙanwata," in ji Inuwa, muryarsa ƙasa-ƙasa, sunan da bai kira ta da shi ba tun ranar da aka kai ta ɗaki. "Kar ki tayar. Na roƙe ki."

Nan ta ɗan tsaya. Wallahi ta tsaya. Ta dubi su biyun, manyan maza, gumi na bin fuskarsu a kan makullin mota. Ta rasa gane ko tsoron hankicin suke, ko tsoron kar ya fito fari. In ya fito fari, ashe yayanta ya cuce ta ke nan. Wannan tunanin ne ya ƙarasa tunzura ta.

"Jamalu, matsa mata," in ji Hajiya.

Ya matsa.

Hafsat ta shiga ta zauna, ta yi bisimilla, ta murɗa. Batirin da aka ce ya yi sanyi bugu ɗaya ya tashi. Injin ya kama gurnani a hankali, irin wanda ta saba ji kullum in Jamalu zai fita yana lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai.

Kawu ya kara hankicin a bakin gwangwanin, ya jira, ya duba.

"Ban ga komai ba."



"Ba ya fitowa sosai sai an taka," in ji Inuwa, sannan ya rufe bakinsa da hannu. Makanike dai makanike ne.

"Taka totur, 'yata," in ji Kawu.

"Kawu, a bar shi haka," in ji Jamalu. "Na yarda, a kai wa malaman. Umma, na yarda."

Hafsat ta taka.

Motar ta yi wata girgiza, sai wani fito ya taso daga ƙarƙashin ƙarfen nan mai bel a goshi, siriri, yana hawa yana hawa, har ya cika gidan ya haura katanga. Ta taɓa jin sa sau ɗaya a hanyar Zariya, da Jamalu ya wuce wata tirela, ya ce mata bel ne ya saki.

Ta ɗaga ƙafa. Fiton ya sauko a hankali ya mutu.

Ta leƙo ta taga tana haki. "Kawu, ya nuna?"

Hankicin yana hannun Kawu, da tabon mai a tsakiyarsa, ruwan ƙasa, ƙato kamar kwabo. Ya nuna. Daɗi ya kama ta har ta kusa yin dariya.

"Hajiya, kin gani? Kawu, nuna mata. Na inji ne, wallahi na inji ne."

Ba wanda ya dubi hankicin.

Kawu ya sake shi ya faɗi ƙasa, bakinsa a buɗe. Inuwa ya zauna daɓas a gefen kwata ya haɗa kai da gwiwa. Jamalu ya jingina da bango.

Hajiya kuwa ta miƙe tsaye. Carbin ya zame daga cinyarta ba ta sani ba. Ba motar take kallo ba, get take kallo, kamar mai jiran a turo shi a shigo.

"Hajiya?" in ji Hafsat.

Tsohuwar ta juyo a hankali. Ta tako, ba ta ko ɗingisa ƙafar nan mai ciwo, ta zo ta tsaya a gaban bonet. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen.

"Yaya, da zafi," in ji Kawu.

Ba ta ɗauke ba.

"Sake takawa," ta ce wa Hafsat.

"Hajiya, ai ya riga ya..."

"Sake."

Hafsat ta taka kaɗan. Fiton ya sake tasowa.

Sai a lokacin wani abu ya faɗo mata. Tun tana budurwa, in ta kai wa Yaya Inuwa abinci gareji, akwai wani tulin ƙarfe a lungu an rufe shi da buhuna, ya hana kowa ko zama a kai. Kuma a gefen tulin nan ta fara ganin Jamalu, yana tsugune shi kaɗai, ranar da ya tambayi sunanta. Ashe ragowar motar mai rasuwa ce, ba ta taɓa isa wurin 'yan gwangwan ba, injinta ne aka ɗaura a wannan.

Ƙafarta ta zame daga totur. Ta kashe motar.



Leɓen Hajiya ya motsa. Matar da ta haifa, ta raina, ta binne, ba ta taɓa kama sunan ba ko sau ɗaya, ta buɗe baki a gaban ƙanenta da surukarta da baƙo.

"Sharhabil," ta ce.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

Jamalu ya zube a kan gwiwoyinsa. "Umma, ki tsaya in yi miki bayani. Muryarsa ce kawai ta rage min, Umma, na kasa..."

"Hafsat," in ji Hajiya, ba ta dube shi ba.

"Na'am, Hajiya."

"Koma ɗakinki, 'yata. Ba inda za ki. Ke da gidanku kun fita."

Abin da Hafsat ta yini tana nema ke nan. Amma ta kasa ko buɗe ƙofar motar.

Hajiya ta ɗauke hannunta daga kan injin, tafin ya yi jawur. Ta juya ta fuskanci ɗanta, ta ɗora hannun nan a kan ƙirjinta.

"Yaya, kar ki yi," in ji Kawu. "Don girman Allah kar ki faɗa."

"Jamaluddeen," ta ce. "Ɗago ka dube ni. Me na ce ranar sadakar uku?"